Alƙahira ga Baƙon Farko: Yadda Za Ka Tashi Daga Abuja Ka Ga Tsohon Birnin Cikin Kwana Biyar

Yawancin mutanenmu da ke sauka Alƙahira asibiti ne ya kai su, ko karatu, ko sarin kaya, ko yada zango kan hanyar Umara. Sai an gama abin da ya kawo mutum, saura kwana ɗaya a koma gida, sannan a ce bari a fita ganin gari. A ɗauki mota a lissafa wa direba dala, Azhar, kasuwa da Kogin Nilu, wai duk yau za a gama. Ƙarshenta rabin yinin ya tafi a cunkoson kan gada, a dawo masauki da hotuna uku da ciwon kai. Wannan jagora ta wanda ya yarda ya ware wa birnin kwana biyar ce.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, tsohuwar Alƙahira garuruwa ne da aka gina ɗaya bayan ɗaya a gabashin Nilu. Amru bin Asi ya kafa Fusɗaɗ a 641. Ahmad bin Ɗulun ya gina nasa garin arewa da ita wajen 870. Faɗimawa suka zo a 969 suka ƙara gaba, suka kafa wadda ake kira Alƙahira. Salahuddin Ayyubi ya fara gina Ƙal'a, wato ganuwar tsaro da fadar sarakuna, a kan tudu a 1176. Dalar Giza kuwa tana tsallaken kogi, yamma, ta girme su duka da shekaru fiye da dubu uku. Don haka tsarin shi ne yini ɗaya, unguwa ɗaya. Mota ta kai ka bakin unguwar, ƙafa ta ƙarasa sauran. Mutumin Abuja ya saba tashi daga Gwarimpa ya isa Asokoro cikin rabin awa a kan titi mai faɗi. A birnin da mutanensa suka haura miliyan 20, kilomita biyar kan iya cin awa guda da la'asar.

Shirin da ake yi tun a Abuja

Fara da fasfo. A tabbata saura aƙalla wata shida ya ƙare daga ranar da za ka shiga Masar. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, kuma ofishin jakadancin Masar yana nan Abuja. Akan nemi hotunan fasfo, bayanin asusun banki, shaidar masauki, shaidar kujerar jirgi ta zuwa da dawowa, da takardar wurin aiki ko ta kasuwanci. Fara wata guda zuwa mako shida kafin tafiya, kuma ka tambayi sharuɗɗan daga ofishin kansa don sukan sauya. Idan ejan zai yi maka, sai ka ga bizar ko takardar amincewar da idonka kafin ka biya kuɗin tikitin da ba a mayarwa. Nan ne mutane suka fi yin asara.

Na biyu, katin shaidar rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kat. Masar na neman sa daga duk wanda ya fito daga Najeriya. Jami'an lafiyar kan iyaka ne ke bayarwa, suna da ofis a filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, don haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya yana iya shan tsaiko a filin jirgin Alƙahira. Kada ka sayi katin hannu ba tare da allura ba.

Na uku, kuɗi, kuma a nan sai an natsu. Naira ba ta canzuwa a Masar. Sayi dalar Amurka tun a nan, a banki ko wurin 'yan canjin Zone 4, ka zaɓi sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu, domin bankunan can sukan ƙi tsofaffi. Amma tsabar kuɗi kaɗai ba ta isa ba. Manyan wuraren tarihi, irin su Giza, Ƙal'a da gidajen tarihi, sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, sai katin banki. Mutum sai ya tsaya a ƙofar dala da fam, kuɗin Masar, cike da aljihu a hana shi shiga. Je bankinka ka tabbatar katinka zai yi aiki a waje, ka ji iyakar abin da zai cire a wata. Wanda yake da katin asusun dala ya huta. Riƙe kati biyu na bankuna daban, ko ɗaya zai ƙi. A Maris ɗin 2024 an karya darajar fam daga kusan 31 zuwa kusan 50 a kan dalar Amurka ɗaya, kuma kuɗin tikiti na ta hawa, don haka farashin da wani ya faɗa maka na bara ba abin dogaro ba ne. Duba na yau a shafin ma'aikatar yawon buɗe ido ta Masar, inda ma ake iya sayen tikitin tun daga gida. Baƙo yana biyan ninkin abin da Bamisire ke biya sau da yawa. Ɗalibi mai katin ɗalibai na ƙasa da ƙasa, wanda bai haura shekara 30 ba, yana biyan rabi.

Magani kuma a kiyaye. Tramadol da kodin manyan laifuka ne a Masar, an ɗaure baƙi shekaru a kansu. Duk maganin da kake sha, bar shi a kwalinsa tare da takardar likita. Kada ka karɓi saƙon ƙunshi daga wanda ba ka buɗe a gabansa ba. Jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi ma a bar shi a gida, ƙwace shi za a yi.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne Oktoba zuwa farkon Afrilu. Disamba da Janairu akwai sanyi na gaske, dare kan sauka kusan digiri 10, a tafi da rigar sanyi da safa. Daga Maris zuwa Mayu iskar Khamsin mai ƙura kan taso ta rufe gari kwana ɗaya ko biyu. Yuni zuwa Agusta zafi kan wuce digiri 35, kuma a Giza babu inuwa. EgyptAir na tashi kai tsaye daga Abuja, tafiyar kusan awa biyar. Wanda zai taso daga Jos gara ya kwana Abuja da ya dogara da hanyar Akwanga da Keffi a ranar tashi. Masar na gabanmu da awa ɗaya, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma awa biyu. Sa ɗan adafta mai ƙafa biyu zagayayyu a jaka, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga soket ɗinsu.

Wajen masauki, duba taswira kafin ka biya. Otal da yawa masu araha da suka rubuta Alƙahira suna Sabuwar Alƙahira ne ko birnin 6 ga Oktoba, awa guda ko fiye daga duk abin da ka zo gani. Nemi tsakiyar gari kusa da dandalin Tahrir, ko Garden City, Zamalek ko Dokki. Ma'aurata su riƙe takardar aure, wasu masaukan na tambaya.

Daren sauka

Kafin ka fita daga filin jirgi yi abu uku. Canza dala ɗari zuwa fam a tagar banki, ka roƙi ƙananan takardu na 10 da 20, domin su za su yi maka aiki kullum wajen mai tsaron takalmi, mai banɗaki da ɗan dako. Sayi layin waya da fasfonka, Vodafone ko Orange ko wani, a sa maka data a gwada a gabanka. Sannan ka kira mota ta Uber ko Careem, ka rabu da masu tare ka a ƙofa suna cewa taksi. Lambar motocinsu da adadin Larabci take, wanda ya saba da lambobin ayoyi a Alƙur'ani zai karanta ba wuya. Canjin bayan fage a titi haramun ne a dokarsu, a tsaya ga banki da shagunan canji masu rajista.

Rana ta farko: Fusɗaɗ

Mun sa ta a farko don ita ce mafi sauƙi ga wanda bai huta gajiyar jirgi ba, kuma nan tarihin Musulunci a Masar ya fara. Shiga metiro, jirgin ƙasa na cikin gari, layi na 1 daga tashar Sadat da ke ƙarƙashin Tahrir, ɓangaren da ya nufi Helwan, ka sauka Mar Girgis, tasha ta huɗu. Akwai taragun mata zalla a tsakiyar jirgin. Hajiya na iya shiga can ko ta bi mijinta na kowa, amma namiji kada ya kuskura ya shiga nasu.

Kana fitowa za ka ga hasumiyoyin ganuwar Rumawa ta Babila, wadda Amru ya yi wa ƙawanya. Cikinta akwai tsofaffin majami'un Kibɗawa, ciki har da wadda aka ɗora a kan ƙofar ganuwar da ta Abu Sarga, inda Kiristocin Masar suka yi imani Nana Maryamu ta fake da Annabi Isa yana jariri. Shiga kyauta ne, awa ɗaya da rabi ya isa. Daga nan tafiyar minti goma arewa sai masallacin Amru bin Asi, na farko a Masar. Ginin da za ka gani ba na zamanin sahabbai ba ne, an rushe an faɗaɗa sau da dama, amma filin shi ne. Yi azahar a nan. A wannan Fusɗaɗ ne, wajen shekarun 1240, mutanen Kanem suka biya aka gina makarantar Malikiyya ta Ibn Rashiƙ don ɗalibansu da alhazansu.

Bayan azahar ɗauki mota zuwa gidan tarihin wayewar Masar, kilomita kaɗan daga nan. Wannan shi ne wurin da masu cewa suna son ganin gawar Fir'auna za su nufa, domin a Afrilun 2021 an kwashe gawarwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 daga tsohon gidan tarihin Tahrir aka kawo su nan. Wanda ya bi tsohon labari ya je Tahrir ba zai same su ba. Ramsis na biyu da ɗansa Marnifta suna ciki, kuma su biyun ne aka fi ambata idan ana maganar Fir'aunan Annabi Musa, sai dai masana ba su haɗu a kan ko wanne ne ba. An hana ɗaukar hoto a ɗakin gawarwakin, masu gadi ba sa wasa da wannan.

Rana ta biyu: Ƙal'a, Sarki Hasan, Ibn Ɗulun da Imam Shafi'i

Isa Ƙal'a da buɗe ƙofa, kafin motocin 'yan makaranta. Ƙofar baƙi tana ta baya, kan titin Salah Salim. Yawancin mutane kan ruga masallacin Muhammad Ali mai ƙubbobi irin na Turkawa, wanda aka gina tsakanin 1830 da 1848, su yi hoto su fita. Shiga ka gani, amma ka ba wa maƙwabcinsa lokaci, masallacin Nasir Muhammad na 1318. Wannan Nasir ɗin shi ne sarkin da Mansa Musa na Mali ya hau Ƙal'a ya gana da shi a 1324 kan hanyarsa ta hajji. Tsaya a barandar bayan masallacin Muhammad Ali. Idan gari ya washe za ka hango dalar Giza, kuma a ƙasa daf da kai ga manyan masallatai biyu suna fuskantar juna. Can za ka.

Ido na nuna maka kusa ne, amma ƙofar da ke wannan gefen a rufe take, sai ka fita ta inda ka shigo ka zagaya da mota. Na hagu idan ka fuskance su daga dandali shi ne masallacin Sarki Hasan, 1356 zuwa 1363. A ganinmu, idan gini ɗaya tak mutum zai gani a Alƙahira, wannan ne. Ana shiga ta doguwar hanya mai duhu da lanƙwasa, sai kwatsam ka faɗo tsakar gida mai haske da manyan zauruka huɗu. An gina shi makaranta ce ta mazhabobi huɗu, kowace da ƙofarta a kusurwa, har da ta Malikiyya. Zauna a ƙasa minti goma sha biyar ka karanta rubutun Kufi da ya zagaye zauren alƙibla. Na kusa da shi, Rifa'i, an kammala shi a 1912, ciki akwai kaburburan Sarki Faruƙ da Shah na Iran na ƙarshe. Minti ashirin ya ishe shi. Baƙi na sayen tikiti a nan.

Daga nan bi titin Saliba a ƙafa, kamar minti goma sha biyar, zuwa masallacin Ibn Ɗulun, 876 zuwa 879. Shi ne mafi tsufa da ya rage a siffarsa ta asali. Hasumiyarsa matakalarta ta waje take zagayawa, idan a buɗe take ka hau, amma a riƙe yara don babu dogon shinge.

Kafin la'asar ta yi sanyi ɗauki mota zuwa ƙubbar Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 204 bayan Hijira, daidai da 820. Sarki Kamil ne ya gina ƙubbar a 1211, an gyara ta an sake buɗewa a 2021. Tana cikin maƙabartar Ƙarafa, inda Laisu bin Sa'ad, Ibnul Ƙasim da Ashhabu almajiran Imam Malik, da Imam Suyuɗi suke kwance. Suyuɗin nan ya taɓa aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Ƙarafa faɗi gare ta, aikin tituna ya sauya hanyoyinta, mutane kuma na zaune a cikinta da iyalansu. Je da rana, direba ya jira ka, kada ka ɗauki hoton mazauna wurin. Mai son ziyartar fiye da ƙubbar Shafi'i ya nemi rakiyar ɗalibin Azhar ɗan gida, suna da yawa a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar baƙi, da unguwar Hayyul Ashir.

Rana ta uku: titin Mu'izz da Azhar

In da hali ka daidaita wannan ta faɗo ranar Juma'a. Da safe tituna fayau suke, shaguna a rufe, kuma tafiyar za ta ƙare a Azhar daidai lokacin salla.

Ce wa direba ya sauke ka Babul Futuh, ƙofar arewa ta 1087, ƙarfe takwas zuwa tara. Kada ka fara daga ɓangaren kasuwa, 'yan tallan za su cinye maka safiyar. Daf da ƙofar ga masallacin Hakim, an kammala shi a 1013. Ka miƙe kudu. Za ka wuce ɗan ƙaramin masallacin Aƙmar na 1125 a hagu, ya nutse ƙasa da titi saboda shekaru sun ɗaga hanyar. Kafin shi akwai lungun da ke kai ka gidan Suhaimi na 1648, inda za ka ga yadda attajirin wancan zamani ya raba zauren baƙi da cikin gida, da tagogin katako masu ƙananan ramuka waɗanda mata ke ganin waje ba a ganinsu. Gaba kaɗan, inda titin ya rabu biyu, ga ginin Abdurrahman Katkhuda na 1744: ƙasa wurin shan ruwa sadaka, sama makarantar allo ta marayu. Irin wannan waƙafi ya cika birnin.

Sai Bainal Ƙasraini, inda gine-ginen Barƙuƙ, Nasir Muhammad da Ƙalawun suka jeru kafaɗa da kafaɗa. Tikiti ɗaya ke shigar da kai yawancinsu, ana sayarwa kusa da ginin Ƙalawun, ka adana shi don za a yi ta dubawa. Ƙalawun ya gina nasa a 1284 zuwa 1285, makaranta da ƙubba da asibitin da ke duba mai kuɗi da talaka kyauta. Ɗakin ƙubbar, da marmara da gilasai masu launi, ya cancanci ka tsaya. Duk wannan tafiyar ba ta wuce kilomita ɗaya ba, amma ka ba ta awa uku.

Daga nan ka ratsa ta gefen kasuwar Khanul Khalili zuwa masallacin Husaini, inda Misirawa ke cewa kan Sayyidina Husaini yake. Ƙofar maza daban, ta mata daban. Tsakaninsa da Azhar akwai babban titi mai shinge, bi ta hanyar ƙarƙashin ƙasa ta masu ƙafa. An fara gina Azhar a 970, aka fara salla a 972. A da ɗalibai na zama rukuni-rukuni gwargwadon ƙasashensu, kuma mutanen Barno na da nasu sashen. Ranar Juma'a shiga awa ɗaya da rabi kafin salla. Azahar tana kamawa wajen sha biyu da hunturu, wajen ɗaya da bazara. Sa takalminka a leda ka riƙe, fitowa cikin dubban mutane ba lokacin neman takalmi ba ne. A tsayar da wurin haɗuwa da iyali tun kafin a rabu.

Da yamma ci gaba kudu ta tsakanin gine-ginen Guri zuwa Bab Zuwaila ta 1092, inda Turkawa suka rataye Ɗuman Bai, sarkin Mamluka na ƙarshe, a 1517. Ana hawa hasumiyoyin da ke kanta, matakalar ƙunci gare ta, mai ciwon gwiwa ya haƙura. Tsallaken ƙofar kasuwar masu ɗinkin tanti ce, aikin hannu na gaske. Idan akwai sauran ƙarfi, lambun Azhar ne wurin kallon faɗuwar rana da jin kiran magariba daga hasumiyoyi ta kowace fuska.

Rana ta huɗu: Giza

Zaɓi ranar tsakiyar mako, Juma'a da Asabar su ne hutunsu, don haka in ta uku ta faɗo Juma'a, sauya jerin ka yi Giza kafin ita. Bar masauki ƙarfe bakwai. Tun 2025 babbar ƙofar baƙi ta koma kan hanyar Fayyum, motoci na tsayawa a can, bas-bas na wurin ne ke zagayawa da mutane tsakanin tashoshi. Tafi da ruwa lita ɗaya da rabi kowane mutum, hula ko lema, da takalmi rufaffe.

Babbar dalar ta Khufu ce, shekarunta kusan 4,500, tsawonta na asali kusan mita 146, yanzu wajen 138. Shiga cikinta tikiti ne daban. A sani kafin a biya: za ka yi tafiya a sunkuye cikin hanyar da rufinta bai fi mita ɗaya da 'yan kai daga ƙasa ba, cikin zafi da ƙarancin iska, ka hau doguwar matakala, ka tarar da ɗaki babu komai sai akwatin dutse wofi. Mai hawan jini, asma, ciwon baya ko juna biyu ya tsaya waje, bai rasa abin kallo ba. Hawa jikin dala laifi ne. Je tashar hangen nesa inda ukun ke bayyana tare, ka ƙare da Abul Haul, gunkin nan mai kan mutum da jikin zaki.

Giza ce wurin da aka fi damun baƙo. Mai raƙumi zai faɗi kuɗi kaɗan, sai ka hau ya ce wancan na hawa ne, na sauka daban. Yi ciniki kana ƙasa: nawa, fam ne ko dala, minti nawa, zuwa ina, na mutum ɗaya ne ko na duka, kuma ka biya bayan ka sauka. Wani zai ɗora maka rawani ya ce kyauta ce, da ka karɓa ya zama bashi. Wani zai nemi tikitinka kamar ma'aikaci, ya riƙe ya zama ɗan rakiyarka na dole. Tikiti a ƙofa kawai ake nunawa. Direba kuma zai ce wurin bai buɗe ba tukuna, bari ya kai ka gidan turare ko na takardar fafiros, alhali kamasho yake nema. Amsar duka ita ce "la, shukran" sau ɗaya, ba tare da ka tsaya ba. Kunyar ƙin amsa wa mutum da muka taso da ita ita suke amfani da ita. Idan abu ya yi tsanani, lambar 'yan sandan yawon buɗe ido 126 ce.

Bayan azahar ka wuce Babban Gidan Tarihin Masar, kilomita biyu daga dala, wanda aka buɗe a hukumance ranar 1 ga Nuwamba 2025. Sayi tikitinsa ta intanet tun kafin ranar. Gunkin Ramsis na biyu mai mita 11 ne zai tare ka a zaure. Wuce kai tsaye zuwa sashen Tutankhamun, kaya fiye da 5,000 daga kabari ɗaya, sannan kwalekwalen Khufu. Awa uku ne mafi ƙaranci, kuma ba za ka gama shi ba.

Ci, sha da titi

Abincin titi mai zafi da ake dafawa a gabanka ba ya cika ba da matsala: koshari, ful, ɗa'amiyya da gurasa. Mulukhiyya miyar lalo ce, karkade zoɓo ne, ruwan rake kuma ana matse shi nan take. Abin da ke kwantar da baƙo shi ne ruwan famfo, ƙanƙara da ɗanyen ganye. Sha na gora, ka riƙe gishirin ORS a jaka. A gidan abinci na zama ana ƙara kuɗin hidima da haraji a kan farashin da ke rubuce.

Tsallaka titi sai da dabara, don motoci ba sa tsayawa. Tsaya gefen ɗan gari, shi yana tsakaninka da motocin, ka taka tare da shi ba gudu ba ja da baya. Kada ka ɗauki hoton 'yan sanda, sojoji ko gine-ginen gwamnati. Riƙe kwafin fasfo da biza a jikinka kullum.

Rana ta biyar: tsaraba da komawa

Khanul Khalili na kallo ne da shan shayi, farashinsa na baƙi ne, kuma shaguna da yawa ba sa buɗewa Lahadi. Idan za ka saya, taya kashi ɗaya cikin uku na abin da aka faɗa, ka ƙara kaɗan-kaɗan, in an ƙi ka juya. Jallabiya, abaya da mayafi sun fi sauƙi a Guriyya da Muski, inda 'yan gari ke saye. Littattafai suna lungun Darbul Atrak bayan Azhar, sai dai suna da nauyi. Jaka ɗaya kilo 23 ce a ƙaramar kujera, duba tikitinka ka ga guda nawa aka ba ka, ka auna tun a masauki. Da la'asar a ɗauki kwalekwalen filafilai a bakin Nilu na awa ɗaya, a yi cinikin kwalekwalen gaba ɗaya kafin a shiga.

Kada ka ɗauko ko ɗan tsakuwa daga wurin tarihi, kuma duk wanda ya ce zai sayar maka da tsohon kayan Fir'auna, ko dai jabu ne ko kuma abin da zai kai ka kurkuku. Duba kwanakin bizarka, wuce wa'adi tara ce a filin jirgi. Kashe ragowar fam ɗinka ko ka mayar da shi dala a banki da rasit ɗin canjin farko, don da wuya ka sami mai saye a Abuja. Jiragen EgyptAir daga tasha ta 3 suke tashi. Ana binciken jaka tun daga ƙofar shiga sannan a sake a ciki, don haka ka isa awa uku kafin tashi, ka ƙara awa ɗaya da rabi na hanya idan daga tsakiyar gari za ka taso da yamma.